Ƙofa Biyu

Shekara goma sha tara tana kwance
a bayan gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi,
tayoyi sun sace, ta gurfana kamar raƙumin da ya ƙi kaya.
Kaji sun yi ƙwai a kujerar direba.
'Yan jari-bola sun taya, sun dawo sun ƙara,
Baffa Ilu ya ce albarka,
yana laluben bango, don ido ya riga shi tafiya.

Datsun ce mai dogon hanci, ƙofa biyu.
Ja ce a da.
Yanzu launin goron da aka tauna aka tofar.

Ranar da na yaye tamfol,
Hansatu ta tsaya da tsintsiya a hannu:
"Wannan gawar za ka tayar?"
Na ce, kaɗan-kaɗan.
Ta ce, haka gara ta ce wa azara.

Ni ba bakanike ba ne.
Awon jini nake yi a asibiti,
na saba da abin da ba ya magana
sai an tsura masa ido.

Noti na farko ya cinye mini Asabar guda.
Na jiƙa shi da kananzir, na lallashe shi, na zage shi,
sifana ta zame ta tafi da fatar yatsana.
Tsatsa ba ta jin Hausa.

Na bi Ƙofar Ruwa rumfa-rumfa
da kafireto a leda,
kamar mai nema wa majinyaci jinin da ya dace.
A Sabon Gari, Obiora ya juya shi, ya bushe da dariya:
"Oga, wannan ya girme ni."
Ya ƙara mini fulogi biyu don tausayi.

Sabitu mai walda ya zo ranar da aka kawo wuta,
ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, ya ɗinka sabo.
Ɗinki bai kai rabi ba aka ɗauke.
Muka zauna a duhu muna yagar gurasa,
yaji da baƙin mai duk a yatsa ɗaya.

Injin dai ya ƙi.
Wata bakwai ina bugun ƙofarsa,
fistin biyu sun manne, sun rantse ba za su motsa ba.
Na sallama.
Na sayo wani ɗan Kwatano, na sassaƙa masa mazauni,
na sauke ta ƙasa da yatsu uku,
sabon birki, salansa mai faɗin baki.
Ban gaya wa Baffa ba.

Juma'a, bayan la'asar, na murɗa makulli.
Tari.
Tari.
Sai ruri,
tattabarun maƙwabci suka watse sama,
yaran layi suka cika ƙofar gida.

Ummita ta jawo Baffa da sanda.
Ya ɗora tafi a bonet, ya daɗe.
"Wannan ba muryarta ba ce.
Tawa tana da kaki a ƙirji in ta shiga giya ta uku.
A hanyar Wudil na san shi."
Na soma kame-kame. Ya ɗaga hannu.
"Ni ma haƙoran nan ba da su aka haife ni ba.
Buɗe mini."

Muka bi ta Hotoro, muka bar adaidaita a baya.
Ya sauke gilashi, ya aje hula a cinya,
iska na wasa da furfurarsa.
"Nawa muke yi?"
Na ce, tamanin.
"Ƙarya kake, sittin ne. Taka ta."

Tsohon injin na nan a gindin famfo.
Baffa kan shafa shi in zai yi alwala.
Hansatu kuwa a kansa take kife tukwane,
ta ce ko banza ya samu aikin yi.