Takarda Ba Ta Sallama

Ranar farko na shiga Yakasai
da kwamfutar hannu, da kati a wuya,
da gabatarwar da muka haddace a otal.
Gida goma sha biyu. Biyu suka amsa.
Yaro ya ce maigida ya tafi Kwari,
ga takalminsa kuwa a zaure.
Wata ta leƙo: "Na haraji ne ko na zaɓe?"
ta mayar da ƙyaure ban buɗe baki ba.

Tambayoyin, an ce, iri ɗaya ne
da na Dakar, da na Nairobi,
da na wata ƙasa mai dusar ƙanƙara:
daga ɗaya zuwa goma, nawa ka yarda da mutane?
Da ni aka tambaya a ranar, sifili.

Washegari aka haɗa ni da Baba Tabawa,
shekara goma sha tara tana wannan yawo,
hannun jakarta ɗaure da zare.
Ba ta ciro na'ura ba.
Ta yi sallama, ta jira.
Ta sake, ta jira,
jiran da ya sa ƙafata ƙaiƙayi.
Ta tambayi gwiwar tsohuwa,
ta ce wa mai tuya, juya, za ta ƙone,
ta karɓi ruwan randa ta shanye tas.
Ta san ba a samun mahauci da hantsi,
ba a tsayar da tela ana jibi sallah.
Wanda ya ce a'a, ta ce Allah ya huta gajiya,
ta rubuta: a dawo Laraba bayan la'asar.
Laraba, shi ya shimfiɗa mana tabarma.

Tara cikin sha biyu.

A Adaidaita Sahu na ce, Baba, mene ne laƙanin?
Ta cire silifa tana matsa diddige.
"Ke tambaya kika kai musu.
Ni gaisuwa na kai, tambaya ta biyo bayana.
Kuma an rufe mini ƙofa ya fi sau dubu,
na san ƙarar wadda ba a sa wa sakata ba."

Can nesa wani zai zana jadawali,
ya jera ƙasashe, kashi kaza, kashi kaza,
ya ce mutanen can akwai son magana,
mutanen can kuwa rowar baki gare su.
Na duba fom ɗin har shafin ƙarshe.
Babu gurbin diddigen Tabawa.