Neman Masauki

Shekara arba'in ina saƙar ulu a Dalcahue.
Tumaki goma sha ɗaya, rumfa ɗaya a bakin tashar jiragen ruwa.
Baƙi kan zo lokacin zafi, su shafa, su taya, su wuce.
In sanyi ya kama kuwa, daga ni sai ruwan sama
da kwale-kwalen marigayi yana gugar katako.

Jikata Ximena ta ce, "Kaka, a buɗe miki shago a intanet."
Ta shanya barguna a kan shinge ta ɗauki hoto,
ta sa wa kowanne farashi.
Na ce, an gama?
Ta ce, saura masauki.
Ashe shagon da ba shi da bango ma haya yake biya.
Akwai wata na'ura a wani gari, ba ta barci,
a cikinta za a ba ni lungu.

Ta jero mini uku a kan teburin girki.

Na farko kuɗinsa bai kai na ƙwai shida ba a wata.
Na sa tabarau, na bi ƙananan rubutun ƙasa,
waɗanda aka yi don kada a karanta:
shekara ta biyu kuɗin ya ninka huɗu.
Na san wannan ciniki.
Haka dillalin ulu ya yi wa mahaifiyata,
murmushi a farkon awo, yatsa a kan sikeli.
Araha ba ta ado.

Na biyu ya yi alkawarin fili marar iyaka.
Me zan yi da marar iyaka?
Barguna ashirin da bakwai gare ni, da huluna.
Wanda zai kwana shi kaɗai
ba ya kama gida mai ɗaki talatin.

Ximena tana ta lissafin sauri da nauyin hotuna,
da wani ɗan kwaɗo da ake maƙalawa a gefen adireshi
don mai saye ya saki jiki da katinsa.
Na ce kwaɗon na yarda da shi, ƙofa sai da kulle.
Amma tambayata biyu ce.
In komai ya goge, wa ya ajiye kwafi?
In shago ya rufe kansa da tsakar dare, wa zan tasa?

Don haka na jira dare ya raba, na ɗauki waya.
Na farko, wata murya ta ce in danna ɗaya, in danna tara,
ta bar ni da kiɗa har shayina ya huce.
Na biyu ya ce in rubuto, za a duba cikin kwana uku.
Na uku, ƙaramin kamfani ne a Puerto Montt, tsallaken ruwa.
Aka ɗauka a bugu na biyar.
"Nelson Barría ne, me ya lalace?"
Ina jin cokali yana kaɗawa a kofinsa.
Na ce babu abin da ya lalace, ɗana, gwada ka nake.
Ya yi shiru, sannan ya yi dariya,
ya ce kwafi kullum da asuba suke ɗauka,
in kuma na gaji da su wata rana, in kwashe kayana ba rigima.

Wanda ya nuna maka ƙofar fita tun kafin ka shiga,
a gidansa ake sauka.

Ya fi na farko tsada. Na biya shekara ɗaya tak,
ban yarda da uku ba, ko da rangwame.

Mako biyar shiru. Na fara harar Ximena.
Ranar wata Talata wayar ta yi ƙara a aljihun rigar aikina:
wani mai haƙar ma'adinai a Calama, can cikin hamada,
yana son bargo mai ruwan toka.
Ya rubuta cewa dare a wurinsu sanyi ne da shi.

Na naɗe, na ɗaure da zaren da ya rage,
na fita cikin ruwa kafin jirgin ƙarfe tara ya tashi.