Notuka Huɗu a Aljihu

Kafin rana ta leƙo garin Alvani
Baba Gocha ya riga ya shige ƙarƙashin Niva.
Ƙafafunsa kaɗai nake gani,
takalmin hagu ya wage baki.
"Tsiala, miƙo sifana mai lamba sha uku."
Na miƙa. Ya ce ba ita ba ce.
Ita ce.

Notin farko tsatsa ta riƙe shi gam.
Ya fesa masa mai, ya zagi kakansa,
ya jira kamar mai jiran shayi ya huce.
Na biyu ya biyo hannu salin-alin.
Na uku sai da ya ɗebi fatar yatsa.
Na huɗu ya faɗa cikin ciyawa,
muka yi ta lalube, ni da shi da kare.

Sai ya jawo ƙarfen waje,
dogo, baki biyu a lanƙwashe kamar ƙahon sa.
Ya ce, "Wannan ke ɗaure tayar dama da ta hagu.
A kan kwalta amininki ne,
shi ke hana mota kwanciya in kin sha kwana.
A kan dutse kuwa ya zama mari:
dama ta hau, ya fizgi hagu sama,
ta yi ta juyi a iska, ba ƙasa ba riba."
Ya ɗaure shi a rufi da waya,
ya zuba mini notukan a aljihu.
"In kin sauko, ki mayar. Kin ji?"
Na ce na ji.

Hanyar Abano ba ta san ladabi ba.
Ruwan ƙanƙara ya yanka ta gida-gida,
kwazazzabo a dama, ba a ganin gindinsa.
Ina ɗauke da allurar tumaki ɗari bakwai
cikin akwatin sanyi, a kujerar baya.
A wurin nan da na kafe bara,
taya ɗaya tana ihu a sama har la'asar,
yau motar ta miƙe gaɓɓanta kamar akuya,
kowace ƙafa ta nemi nata dutsen,
wannan ta nutse, waccan ta hau,
babu mai jan wata.
Na wuce ina dariya ni kaɗai.

Kwana uku a rugar Shalva.
Na yi wa tumaki allura har kafaɗa ta sage.
Matarsa Mzia ta loda mini cuku biyar,
warinsu ya cika motar har sitiyari.

Na sauko da daɗin rai a baki.
Kwalta ta karɓe ni sumul, na ƙara giya.
Kwanar farko bayan gada,
sai duniya ta karkace.
Motar ta kwanta gefe kamar mai sujadar dole,
cuku suka mirgino gaba ɗaya,
tayoyi biyu suka yi shawarar barin ƙasa,
suka fasa.

Na tsaya. Injin yana huci, ni ma.
A aljihuna wani abu ya yi ƙaras.

Sauran hanyar a giya ta biyu na yi ta,
har mai keken doki ya wuce ni yana kallo.

Baba yana zaune a bakin gareji.
Ya dubi rufi, ƙarfen na nan a ɗaure.
Ya dubi fuskata. Bai ce uffan ba.
Ya soma naɗe hannun riga,
gwiwarsa na ƙara tun kafin ya durƙusa.

Na ce, "Matsa. Ni zan kwanta."

Ƙasa da sanyi. Mai ya ɗigo mini a goshi.
Daga nan ƙafafunsa kaɗai nake gani.
"Baba, miƙo sha uku."
Ya miƙo.
Ba ita ba ce.