Hannun Sista Tabawa

Ranar da na fara aiki a ɗakin jarirai na Miga,
farar rigata ba ta san datti ba tukuna.
Na zo da takarda mai hatimi, ina jin na gama.
Sista Tabawa ta dube ni sama da ƙasa,
ta ce, "Yanke farcen nan. Cire zoben.
Wanke hannu har gwiwa, sannan mu gaisa."

Sai ta murza tafukanta sun yi ɗumi
kafin ta taɓa ɗan kowa.
Ta ce jariri ba ya ƙarya, a hankali dai yake magana.
Dubi hancinsa in yana buɗewa,
dubi ramin da ke lotsawa ƙarƙashin haƙarƙari,
ƙirga numfashi minti guda cur,
kada ki ƙirga rabi ki ninka, 'yata,
a rabin da kika bari ajali yake laɓewa.

Daren da ruwa ya cinye hanya,
a amalanken shanu aka kawo Hansai,
da bakwaini a tsumma, bai kai kilo ɗaya da rabi ba,
jikinsa sanyi kamar gindin randa da asuba.
Batirin sola ya mutu tun ƙarfe biyu.
Ni ga fitilar waya tana rawa a hannuna,
ita ta ɗaga haɓarsa kaɗan, ta kifa masa robar iska,
tana matsawa, tana ƙirgawa, ko kallona ba ta yi ba,
har ya saki wani ɗan kuka irin na 'yar kyanwa.
Ta kwance zanen uwar, ta kwantar da shi a ƙirjinta,
fata da fata, ta ɗaure da ɗankwalin kanta.
"Wannan kwalbar," in ji ta, "ba ruwanta da wuta."

Da safe kaka ta ce a matse dakashi a zubar.
Sista ba ta yi faɗa ba.
Ta zauna a tabarma, ta tambayi yadda gero ya yi bana,
can ta ce, "Iya, ɗan akuyarki da me yake miƙewa?"
Tsohuwa ta yi shiru, ta miƙo kofin da kanta.

Jijiyarsa siririya kamar saƙar gizo.
Sau biyu na kuskure, hawaye ya cika mini ido.
Ba ta karɓe allurar ba.
Ta ɗora hannunta a kan nawa, ta ce, "Sake."

Ba duka suka zauna ba.
'Yar Magajiya ta koma a kwana na uku.
A nan na koyi cewa ba a tsaye ake faɗa wa uwa ba,
sai an zauna, gwiwa ta taɓa gwiwa.
Daga baya na hango Sista a gindin darbejiya,
ta juya wa ɗakin baya.
Ta dawo da fuska a wanke, ta ce,
"Gado na huɗu, lokacin nononsa ya yi."

Bara ta ajiye aiki.
Tana Kafin Hausa tana fama da zabbi da ciwon gwiwa.
Ta bar mini agogon ƙirjinta mai tsagaggen gilashi,
har yanzu shi nake bi.
Ɗan Hansai kuwa, ranar kasuwa yakan leƙo ta taga,
ƙafa duk taɓo, baki duk rake,
Ɗan Sista suke ce masa a ƙauyensu.

Jiya aka turo mini sabuwar yarinya,
da lalle, da zobe, da takarda mai hatimi.
Na buɗe baki zan yi mata maraba,
sai na ji muryar Tabawa ta riga ni fita:
"Wanke hannu har gwiwa, sannan mu gaisa."