Daga Kan Igiya

Da asuba suke ɗaure mu a ƙugu,
ni da Mabkut mutumin Hadaramaut,
su zuro mu daga sama kamar guga.
Sai dai rijiyar nan a kife take,
kuma mu ke kai mata ruwa.

Riyad na can ƙasa tana miƙa.
Ga dogon nan mai kafa a ka,
allurar da aka soke a rairayi
aka manta da zare.
Ga ɗan'uwansa mai tsini,
ƙwallon zinariya ya tsaya masa a maƙogwaro,
shekara da shekaru bai yi tari ba.

Mabkut ya tsartar da yawu, iska ta maido masa.
Ya ce, "Sallau, wannan ne gini?
Mu a Shibam laka muke kwaɓawa,
hawa bakwai, hawa takwas,
gindi da kauri, sama da sirantaka,
mu shafe kai da farar ƙasa don ruwa.
Gidanmu ya girmi kakan kakana.
Rana ta take, ya yi wa maƙwabci inuwa.
Wannan kuwa rana ta zo masa,
ya watsa wa na kusa a ido."

Ban tanka ba. Ina matse soso,
ina tuna kakana Ilu magini
da ya baro Gumel a ƙafa,
ya ci shekara bakwai yana noma wa mutane a Sudan,
ya haye teku daga Sawakin,
ya sauke farali, Jidda ta riƙe shi.
Da dutsen teku ya yi gini,
ana jera katako tsakanin sahu da sahu,
a rataya tagogin itace masu idon rariya:
iska ta shiga, ido ya tsaya a waje.
Ance yakan ce gida sai da hanci.
Bara na je tsohuwar unguwar.
Na tarar da wani ya dogara da tokara
kamar tsoho bayan sallar Juma'a.
Ban san ko nasa ba ne. Na dai dafa bango,
gishiri ya biyo tafina.

Wanda nake wankewa ba shi da hanci.
Shekarata tara a jikinsa
ban ga tagar da ta buɗe ba.
Inji ke masa numfashi.
A ciki mutane na sa rigar sanyi da azahar.
Jiya wani ya tako har gabana,
ya zuba mini ido, na ɗaga masa hannu,
ashe zaman rawaninsa yake gyarawa.

Dafa'allah da ke riƙe da igiyarmu a sama
yana da nasa a waya:
farin nan na Khartum mai siffar ƙwai,
a bakin inda Nilu biyu ke gaisawa.
Da yakan yi dariya, wai suna jira ya ƙyanƙyashe.
Yanzu ba ya nuna wa kowa,
mu ma mun daina tambaya.

Amma kada in ci amanar gilashi.
In la'asar ta yi sanyi
yakan kwashe sararin sama duka ya yafa,
girgije ya ratso ta ƙarƙashin hannuna,
in goge shi, ya wuce fes.
Ilu bai taɓa wanke girgije ba.

Sai ga wani tsuntsu, ɗan mitsitsi,
ya ga sama a inda ba sama,
ya faɗo cikin kwandonmu.
Mabkut ya sa shi a aljihun ƙirji, ya ce da rai,
ya ce a garinsu da rami zai samu a bango.

Rediyo ta yi ƙara a kafaɗata:
hawa na arba'in da ɗaya akwai zane,
a koma.
Muka ja igiya.