Alli da Tef

Shekara goma sha tara ke nan ina auna titin nan
da ya bar Gadarif ya nufi Madani.
Saje Nurain, sashen haɗari.
Kakana ya taso zuwa Makka da ƙafa,
ya tsaya shan ruwa a nan, bai ƙara gaba ba.
Ni ma ga ni tsaye a bakin hanya.

Aikina alli da tef.
In babbar mota ta kifar da riɗi a kwalta
ni ake tasa daga barci.
In zagaye inda mutum ya kwanta,
in auna taku nawa ne daga birki zuwa salati.
Takalmi kullum wari ɗaya nake tsinta.
Akwai buhu guda a bayan ƙofar ofis,
ba wanda ya taɓa zuwa nema.

Da can mu biyu ne.
Babikir yana riƙe bakin tef, ni ina karanta lamba.
Yakan ce, yi sauri, Bahaushe, shayin Inna Dudu zai huce.
Ran wata Laraba, damina ta kwaɓa baƙar laka,
yana can ƙarshen mita talatin, ya ba hanya baya,
sai tanka ta taho ba fitila.
Tef ɗin ya fizge daga hannuna,
har yau ga shatar a tafina.
Ba wani saje a kusa.
Ni na zagaye shi da alli.

Aka ba ni kwana uku.
A na huɗu aka ba ni sabon tef
da wani yaro mai tsoron jini.

Yanzu ban cin riɗi, ko warinsa.
Zulai ta ce cikin dare lissafi nake yi da ƙarfi,
sha biyu da rabi, ashirin da bakwai,
sai ta dafa ƙirjina ta yi ta addu'a har in kai ƙarshe.
Kunnena na hagu yana busa usur shi kaɗai.
Likita ya ɗaure min hannu, ya dubi agogonsa, ya ce hutu.
Maigida a ofis ya ce bayan kaka.
Bayan kaka ya ce bayan salla.
Inna Dudu ba ta ce komai ba,
sukari kawai ta rage min, ban roƙa ba.

Shekaranjiya Ramlatu ta laluba aljihun kakina,
ta sami guntun alli, ta yi murna.
Ta kwanta a siminti, ta buɗe hannuwa, tana dariya:
Baba, zana ni.

Ban san muryar da ta fito daga bakina ba.
Kaji suka watse, maƙwabta suka leƙo ta katanga.
Yarinyar ta shige bayan uwarta,
ni kuma na fita ba takalmi,
na yi ta tafiya har kasuwar amfanin gona,
na zauna a kan buhun wani, ina kallon hannuwana.

Na rubuta takardar ajiye aiki tun bara.
Tana aljihun hagu, ninki huɗu,
gumi ya cinye sa hannun.
Saura shekara shida fansho, in ji magatakarda,
kuma makaranta ba ta karɓar haƙuri.

Daren jiya na saya mata fensir mai launi goma sha biyu,
na ajiye a gefen matashinta.
Ina kwance takalmi waya ta yi ƙara.
Ban tambayi ko su wane ne ba, na daina.
Na ce kilomita nawa daga gari,
na ce a ta da yaron,
a ce masa ya sa rigar nan mai ƙyalli,
kuma yau ni zan riƙe bakin tef.