Dala Ɗari da Sittin da Biyar

An turo ni daga Damagaram
da kwalin alli, da katifa,
da littafin da ke tambaya:
jirgin ƙasa ya tashi ƙarfe takwas,
yaushe zai isa?

Nan kuwa Rijiyar Kanta ce, arewa da Tanut,
inda mota ke zuwa ran Laraba
in ta ga dama.

Wata uku ina cika allo da lambobi,
wata uku suna kallona
kamar mai tallar kwalekwale a rairayi.
Agali, bakwai sau biyar?
Ya sunkuya, yana tonon ƙasa da ɗan yatsa.

Ran kasuwa na tarar da shi bakin tabarmar cuku.
Wata ta miƙa jika guda,
ta ɗauki na dala talatin da biyar.
Kafin ta gyara goyonta
canji na tafin hannunta, daidai.
Ni mai takardar shaida
sai da na motsa leɓe.

Daren nan shayina ya huce ban sha ba.

Da safe na bar allin a aljihu.
Muka tafi rijiya da igiyar guga,
Fanna ta auna da gabanta: ashirin da biyu.
Na auna da nawa: goma sha shida.
Gardama ta kaure, wa ya yi ƙarya?
Sai da ta lafa na fito da mita.

Da kaka muka zauna gindin rumbu.
Dami arba'in da bakwai, zakka nawa?
Huɗu, in ji Cima. To, bakwai ɗin fa?
Su jira ƴan'uwansu, Mushe.
Na rubuta: saura.

Sifili ne ya gagare ni,
har Jaɓɓo, mai zama can baya, ya ce:
garke ne da hantsi, awaki sun fita.
Ba kome ciki,
amma garken yana nan.

Da sufeto ya zo, takalmansa cike da ƙarangiya,
ya buɗe littafin, ya karanto jirgin nan.
Agali ya ɗaga hannu:
Yana tsayawa shan ruwa a hanya?
A'a.
To, ƙarfe biyu da rabi.

Sufeto ya duba bayan littafi,
ya dube ni.
Na sa hannu a aljihu,
allin ya farfashe.